Tambayoyi da Amsoshi: Haɗa Kundin Adireshi da Word Don Buga Ambulan

Sakataren ƙungiya, akawun makaranta, mai shagon buga takardu, da wanda dangi suka ɗora wa rabon katin ɗaurin aure, duk abu ɗaya ke cinye musu lokaci. Sunayen mutane suna cikin kwamfuta ko waya, ambulan suna cikin kwali, amma sai a zauna da biro ana bin su ɗaya bayan ɗaya har hannu ya ƙage. Alhali kuwa Word ta daɗe da iya ɗebo suna da adireshi daga kundi ta zuba a bayan ambulan da kanta. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan aiki. Sunayen maɓallai an bar su yadda suke fitowa a fuskar kwamfuta, don mai nema ya gan su da idonsa.

Mene ne ainihin abin da ake haɗawa?

Abu biyu ne. Na farko kundin, wato jerin mutane da adireshinsu. Na biyu ambulan guda ɗaya tak da za ka tsara a Word, wadda ba ta ɗauke da sunan kowa sai gurabe: nan suna zai zauna, nan unguwa, nan gari. In ka ƙulla su, Word za ta ɗauki mutum na farko ta cike guraben, ta fitar da ambulan ɗinsa, ta koma kan na biyu, har jerin ya ƙare. Wannan shi ne Mail Merge, kuma ba yau aka fara ba, tun farkon shekarun 1980 manhajar WordStar take yin sa.

Ka riƙe wannan: Word ba ta kwashe sunayen ta ajiye a cikinta, hanyar zuwa wurin fayil ɗin kawai take haddacewa. Saboda haka in wani ya tashi daga Fagge ya koma Hotoro, a kundin za ka gyara, sau ɗaya, kuma duk ambulan da wasiƙar da ke jingine da kundin za su fito da sabon adireshin.

Wane irin kundi Word take karɓa?

Tana karɓar jadawalin Excel, da mutanen da ka adana a manhajar imel ta Outlook, da rumbun Access, da fayil ɗin CSV (jeri ne na rubutu zalla da aka raba bayanansa da waƙafi), har ma da tebur da aka zana a wata takardar Word. Akwai kuma Type a New List, inda za ka rubuta jerin a cikin Word ɗin kanta.

Ni dai Excel nake ba kowa shawara. Kana ganin mutanenka gaba ɗaya a shimfiɗe, kana jera su yadda ka ga dama, kuskure ba ya samun wurin ɓuya, kuma wanda zai gaje ka a ofis zai buɗe ya gane ba sai an zaunar da shi ba. Ko a Outlook ko a Gmail sunayen suke, sau da yawa ya fi sauƙi a fito da su zuwa Excel, a tsabtace, sannan a haɗa.

Yaya zan tsara jerin a Excel?

A nan aikin yake. Abin da ke cikin randa shi moɗa ke ɗebowa, jeri in ya hargitse babu gwanintar Word da za ta gyara ambulan.

Layin farko na sama na kanun ginshiƙai ne, su kaɗai. Kada ka fara da babban take irin "JERIN MAMBOBIN ƘUNGIYA" wanda aka haɗe akwatuna huɗu wuri guda don ya zauna a tsakiya. Word za ta ɗauka shi ne kanun, sai ka ga guraben sun fito da sunaye irin F2 da F3, ka rasa wanne ne gari wanne ne jiha. Kowane mutum layinsa ɗaya a kwance, kowane bayani ginshiƙinsa a tsaye: Lakabi, Suna, Mukami, Ofis, Titi, Unguwa, Gari, Jiha, LambarYanki, Kasa. Da gangan na rubuta kanun babu ƙugiya babu tazara, domin ba wanda zai gan su a kan ambulan, kuma a haka ba sa ba da matsala. Sunayen mutane da na garuruwa kuwa a rubuta su da ƙugiyarsu cikakkiya.

Kada a bar layi fanko a tsakiya, ambulan fanko zai haifar. Kada a sa jimla ko sunan sakatare a ƙasan jerin, su ma Word mutane za ta ɗauke su. Kuma kada a cusa adireshi gaba ɗaya cikin akwati guda. Ranar da shugaba ya ce a buga na Zariya kaɗai, ko a ware na cikin gari da na waje, wanda ya raba Gari da Unguwa zai gama cikin minti ɗaya, wanda ya cusa kuwa sai ya bi layi-layi.

Na saka Address Block, sai laƙabi ya ɓace, sunaye suka fito a birkice. Me ya jawo?

Address Block, wato gurbin da ke haɗa suna da adireshi gaba ɗaya, an gina shi ne a kan tsarin sunan Turawa: ɗan gajeren laƙabi, sunan mutum, sunan dangi. Namu ba haka yake tafiya ba. Mutum yana da sunansa da na mahaifinsa, wani ya ƙara da na kaka ko na garinsu, wani kuma duk gari ba a san shi ba sai da sarautarsa. Ga Alhaji, Hajiya, Malam, Malama, Liman, Dakta, Farfesa, Injiniya, Barista, kuma sukan haɗu biyu ko uku a kan mutum ɗaya, da tsarin wanda ke gaba da wanda ke biye. Manhaja ba ta san wannan ba.

Akwai Match Fields, inda za ka nuna wa Word cewa ginshiƙin Lakabi shi ne abin da take kira Courtesy Title, Suna kuma First Name. Yana aiki. Amma hanyar da na fi yarda da ita ita ce a buɗe ginshiƙi na musamman, a sa masa SunanAmbulan, a rubuta sunan kowa a ciki daidai yadda ake so ya gani in an miƙa masa: "Alhaji Dakta Wane, Sarkin Kaza", ko "Hajiya Wance da iyalanta", ko "Mai Girma Hakimin Kaza". Daga nan a rabu da Address Block, a riƙa saka gurabe ɗaya-ɗaya ta Insert Merge Field.

Wannan ba ƙyale-ƙyale ba ne. Ambulan ake fara gani kafin a ga saƙon, kuma dattijon da aka rubuta sunansa gatsal, ba Malam ba Alhaji, zai ji a ransa ko bai faɗa ba. Ba na'ura zai gani ba, wanda ya aiko zai gani. Don haka kafin kowane bugu a ba wani babba da ya san mutanen ya bi jerin da ido. Shi zai ce maka wane an naɗa shi sarauta bara, wance ta sauke farali yanzu Hajiya ce, wane kuma Allah ya yi masa rasuwa. Katin biki ya isa gida da sunan mamaci a kai abu ne mai ciwo ga iyalansa, kuma tsohon jerin da ba a waiwaya ba ne ke jawo shi.

To yaya ake yin haɗin a Word, daga farko zuwa ƙarshe?

Tun daga Word 2007 komai yana ƙarƙashin Mailings. Ka rufe fayil ɗin Excel tukuna, ka buɗe sabuwar takarda, ka danna Start Mail Merge, ka zaɓi Envelopes. Akwatin da zai fito shi ne wurin zaɓar girman ambulan da salon rubutu. Kana amincewa, takardar za ta koma siffar ambulan.

Adireshin mai aikawa a kusurwar sama ta hagu ake rubuta shi, da hannu, tunda ba ya canzawa. Na wanda ake aika wa yana da akwatinsa a wajen tsakiya, ɗan ƙasa kaɗan, kuma ba a ganinsa sai an danna wurin. Nan mutane da yawa ke ɓata: su saka gurabe a sama, komai ya taru a kusurwa. In ka kasa gano akwatin, ka danna Ctrl da Shift da 8 tare, alamar sakin layi za ta nuna maka inda yake.

Sai Select Recipients, sai Use an Existing List, ka nuna fayil ɗinka da shafin da jerin yake, ka tabbata an yi maki a inda aka ce layin farko kanu ne. Ka sa alamar rubutu cikin akwatin tsakiya, ka riƙa ɗauko gurabe ta Insert Merge Field, kowane layi ka danna Enter. Tazara da waƙafi tsakanin Gari da Jiha kai za ka sa su da kanka. Preview Results zai nuna maka mutanen na gaskiya, ka bi su da kibiya, musamman mai suna mafi tsawo, ka ga ko ya samu wuri. Ƙarshe Finish & Merge, inda za ka zaɓi Print Documents ko Edit Individual Documents. Ka adana wannan takarda, ita ce uwar, kuma ita za ka sake buɗewa baɗi.

Print Documents zan zaɓa ko Edit Individual Documents?

Na biyun, in dai ba ka riga ka saba ba. Yana fitar da sabuwar takarda mai ɗauke da dukkan ambulan ɗin a jere, ka duba kafin ka kashe tawada. Sai dai gyaran da ka yi a cikinta a nan zai tsaya, ba ya komawa kundi, don haka in kuskuren suna ne ka koma Excel. Kowace ambulan a wannan takarda sashe ce mai zaman kanta. In kana son ta 20 zuwa ta 40 kaɗai, a wurin zaɓar shafuka ka rubuta s20-s40.

Wane tsari adireshin zai bi a kan ambulan?

Daga ƙarami zuwa babba: suna, muƙami ko ofis, lambar gida da titi ko akwatin gidan waya, unguwa, gari da lambar yanki, jiha. Lambar yanki a Najeriya alƙaluma shida ce, kamar 700001 a Kano, 800001 a Kaduna, 900001 a Abuja. Ma'aikatu da manyan makarantu galibi P.M.B. suke da shi, wato jakar wasiƙu ta gidan waya, a Nijar kuma B.P. za ka gani. In wasiƙar ƙetare za ta, sunan ƙasa shi ne layin ƙarshe, shi kaɗai, da manyan baƙaƙe. Kowace ƙasa kuma da nata tsari: a Faransa lamba ke gaban sunan gari, a Amurka ita ke biye da gari da jiha. Ka bar kusurwar sama ta dama fili saboda kan sarki.

In da hannu za a raba, kwatance ya fi lamba amfani. Ka buɗe ginshiƙin Kwatance ka sa irin su "bayan masallacin Juma'a" ko "layi na biyu daga gidan mai", a buga shi da ƙananan haruffa a ƙasa. Ɗan aike zai sa maka albarka.

Mutanena suna cikin Outlook. Sai na kwashe su zuwa Excel?

Ba dole ba ne. A Select Recipients akwai Choose from Outlook Contacts. Amma farawa daga Outlook ɗin ya fi daɗi: ka shiga People, ka riƙe Ctrl ka tsinci waɗanda kake so, ka danna Mail Merge, ka zaɓi Only selected contacts, a nau'in takarda ka ce Envelopes. Word za ta buɗe da su a haɗe. Ka lura, Outlook tana ajiye adireshi uku ga mutum ɗaya, na aiki, na gida, da wani daban, kuma wanda aka yi wa maki a This is the mailing address shi ne zai fito a gurbin Mailing Address. In ka ga takardar ofis ta nufi gida, can za ka duba.

Na danna Choose from Outlook Contacts, bai nuna kowa ba.

Yawanci ɗaya daga uku ne. Ko sabuwar Outlook kake amfani da ita, wadda ba ta ƙulla wannan haɗi da Word, tsohuwar da ake kira classic ce ke yi. Ko ba Outlook ce aka naɗa a matsayin babbar manhajar imel a kwamfutar ba. Ko kuma foldar mutanen ba a yi mata maki a Show this folder as an e-mail Address Book ba, wanda ke cikin Properties ɗinta. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kada ka ɓata wuninka, ka fitar da su a CSV ka bi ta Excel.

Ni a waya suke, ko a Gmail.

Waya fayil ɗin vCard take fitarwa, mai ƙarewa da vcf, kuma Word ba ta karanta shi. Ka shigar da shi Google Contacts, daga can ka danna Export ka zaɓi Google CSV. In ka riga ka yi wa wasu lamba ta rukuni, kana iya fitar da rukunin kaɗai.

Ka shirya yin shara. Sunayen waya ba na ambulan ba ne: "Baban Wane", "Mai Taya", "Oga Sabon Layi", mutum ɗaya sau uku, kuma mafi yawansu lambar waya kawai gare su babu adireshi. Fayil ɗin zai zo da ginshiƙai barkatai, ka goge waɗanda ba ka buƙata. Wahalar ta rana ɗaya ce, in aka yi ta da kyau shekaru za a yi ana cin moriya. Shi kansa haɗin kuma sai a kwamfuta, Word ta waya da ta burauza ba sa yin sa.

Haruffa masu ƙugiya sun lalace. Ɗanbatta ta koma ÆŠanbatta.

Wannan ya fi damun masu rubutun Hausa fiye da kowa, kuma lalacewar iri uku ce, kowace da maganinta.

In ka ga Æ™ a madadin ƙ, ko É— a madadin ɗ, haruffan suna nan lafiya, karatun ne aka yi ba daidai ba. Fayil ɗin a tsarin UTF-8 yake, Excel kuma ta buɗe shi da tsohon tsari saboda ka danna shi sau biyu kai tsaye. Ka rufe ba tare da ka adana ba. Ka buɗe Excel fanko, ka shiga Data, sai From Text/CSV, a File Origin ka zaɓi 65001, wato UTF-8. Suna dawowa daidai ka adana a matsayin xlsx, wato fayil ɗin Excel, ka rabu da CSV.

In alamar tambaya ka gani a gurbin harafin, to an riga an yi asara. An adana fayil ɗin a CSV na gargajiya, wanda ba shi da wurin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ya zubar da su. Ka koma ga asalin kundin. In har dole sai CSV, ka zaɓi CSV UTF-8 wajen adanawa.

In kuma ɗan akwati fanko ne ya fito, ko harafin ya bambanta da 'yan uwansa a siffa, salon rubutun ne ba shi da harafin. Wannan ya fi faruwa da rubutun ƙawa mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake so a katin biki. Times New Roman, Arial da Calibri na Windows ɗin yanzu suna da su, haka ma Noto Sans da Charis SIL da ake saukewa kyauta. Roƙona shi ne kada a magance matsalar da cire ƙugiya. Wanda sunansa Ɗahiru ko Ɗanladi yana da haƙƙin ya ga sunansa daidai.

Sifilin farkon lamba ya ɓace, wani wurin kuma 0 ne ya fito a madadin rubutu.

Excel tana ɗaukar duk abin da ya yi kama da lamba a matsayin lissafi, kuma a lissafi sifilin gaba ba shi da amfani. Haka 0803 ke komawa 803, haka lambar yankin Boston mai farawa da 02 ke rasa kanta. Ka mayar da ginshiƙin Text kafin ka fara rubutu a ciki.

Na biyun kuwa, Word layuka takwas na farko take leƙawa ta yanke hukuncin ko ginshiƙi na lamba ne ko na rubutu. In takwas ɗin duk lambobi ne zalla, sannan can ƙasa aka sami "12B" ko "P.M.B. 3011", sai ta buga 0. Ka zaɓi ginshiƙin gaba ɗaya, ka bi ta Data, sai Text to Columns, a mataki na ƙarshe ka ce Text.

Wani ba shi da Ofis ko Muƙami. Zai bar giɓi a tsakiyar adireshi?

A'a, in dai gurbin shi kaɗai ne a layinsa kuma da Enter ka sauka, Word tana rufe giɓin. In ka bar tazara ko waƙafi a layin, ba ta ɗauke shi fanko ba, giɓin zai tsaya.

Ana tsallake mutane, na ɗaya sai na uku sai na biyar.

Akwai gurbin Next Record a cikin ambulan ɗin. Na sitika ne, inda mutane da yawa ke hawa takarda ɗaya. Ka goge shi.

Yaya zan buga wa wasu kawai?

Edit Recipient List. Kana iya cire maki daga kan mutum ɗaya-ɗaya, ko ka tace da Filter, misali Gari ya zama Katsina. Ga masu rabo da hannu, ka jera da Sort bisa Unguwa kafin bugu. Ambulan za su fito a tare, na Gwale wuri ɗaya, na Tarauni wuri ɗaya, a ɗaure kowane kashi da roba a ba mai kai shi. Ginshiƙi guda mai suna Rukuni, da ake rubuta dangi, ko abokan aiki, ko maƙwabta, zai sa kundi ɗaya ya ishe ka kowace hidima, ba sai ka tara jeri biyar da kowanne ke tsufa ta gefensa ba.

Wane girman ambulan zan zaɓa?

Ka auna da rula, kada ka yi kirdado. DL milimita 110 ce da 220, ita ke ɗaukar takardar A4 da aka ninka uku. C5 tana da 162 da 229, A4 ninki biyu. C6 tana da 114 da 162, A4 ninki huɗu, kuma ƙananan katuna da yawa ita suke shiga. C4 tana da 229 da 324, A4 a miƙe. Word takan zo da Size 10 a zaɓe, wadda ta Amurka ce, kusan 105 da 241. Ta yi kama da DL amma ba ita ba ce, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya karkatar da adireshi. In taka ba ta cikin jeri, akwai Custom size a ƙasa. Girman da ka faɗa wa Word shi za ka faɗa wa firinta a nata saitin.

Rubutun ya fito a kife, ko a gefe, ko a bayan ambulan.

Kowace firinta da yadda take jan takarda. Yawanci akwai ɗan zanen ambulan a jikin tiren da ke nuna yadda za a sa ta. Ka ɗauki ambulan ɗaya, ka zana kibiya da fensir a gefen da ya fara shiga, ka rubuta "sama" a fuskar da ke kallonka, ka buga mutum ɗaya. Abin da ya fito zai gaya maka ko juyawa za ka yi ko kifawa. In ka fi son gyara ta Word, a Printing Options akwai zanen hanyoyin sakawa shida, da Face up, Face down da Clockwise rotation. In ambulan ɗin masu tsada ne, ka yanka farar takarda daidai girmansu ka yi gwajin da ita. Ranar da ka dace, ka rubuta yadda ka yi a 'yar takarda ka manna a jikin firintar.

Firinta tana tauna ambulan, wasu kuma suna fitowa a liƙe.

Firintar leza da zafi take gasa hoda a jikin takarda, zafin da ke kusantar digiri 200. Wannan zafi in ya haɗu da danshi sai gam ɗin marfin ya narke ya kama, shi ya sa abin ya fi yawa da damina. A ajiye ambulan cikin ledarsu a busasshen wuri, kuma suna fitowa a ɗaga marfin tun da ɗumi. Ambulan mai tagar leda, ko mai ƙarfe, ko mai igiya, kada ta shiga leza sam, tana iya lalata na'urar. Da hunturu kuma mannewa suke da juna firinta ta ja biyu, sai a sassaɓa su da yatsa kafin a zuba.

Ka murje gefunan su kwanta, ka matso da 'yan sandunan tire su riƙe ambulan ba tare da sun matse ta ba, ka sa nau'in takarda a Envelope. In firintar tana da ƙofar baya ka buɗe, ambulan ta fita a miƙe maimakon ta naɗe. Ƙananan firintoci ambulan kamar goma suke ɗauka a lokaci guda, wasu ma ɗaya-ɗaya. Firintar tawada ba ta da matsalar zafi, sai dai a bar rubutun ya sha iska kafin a tara su. Kuma a inda wuta ba ta da tabbas, ka riƙa turawa kashi-kashi, kana rubuta lambar da ka tsaya.

Ambulan ɗin katin biki ce, mai kauri da sheƙi, ta ƙi shiga.

Kada ka tilasta mata. Ka koma sitika: a Start Mail Merge ka zaɓi Labels, da kundin nan dai. Samfurin Avery L7160 guda 21 ne a takardar A4, L7163 kuma 14 ne masu faɗi, sun fi dacewa da dogayen sunaye. Ka tsara ta farko, ka danna Update Labels don sauran su kwaikwaya.

Duk lokacin da na buɗe takardar sai ta yi gargaɗi a kan SQL.

Izini take nema ta je ta karanto kundin. In takardarka ce ka ce Yes. In ta ce ba ta ga kundin ba, an canza masa suna ko an matsar da shi, sai ka sake nuna mata ta Select Recipients. Ajiye takardar da kundin a folda ɗaya yana sauƙaƙa neman.

Ambulan ɗaya kawai nake so.

Ba sai ka yi haɗi ba. A Mailings ka danna Envelopes, ka rubuta adireshin ko ka ɗauko shi ta ɗan hoton littafi in kana da tsohuwar Outlook. Naka adireshin ka adana shi sau ɗaya a File, Options, Advanced, wurin Mailing address.

Ba ni da Word. LibreOffice za ta yi?

Za ta yi, kuma kyauta ce. A Writer, wato takwarar Word a LibreOffice, ka fara yi wa kundin rajista ta File, Wizards, Address Data Source, ka nuna mata jadawalinka, ko na Calc, takwarar Excel, ko na Excel ɗin. Sannan Insert, Envelope, ka zaɓi kundin da shafin, ka riƙa tura gurabe da kibiya zuwa akwatin wanda ake aika wa, ka danna New Document. Wajen bugu za ta tambaye ka ko form letter kake nufi, ka ce Yes, in ba haka ba sunayen gurabe za ta buga. Mai amfani da manhajar imel ta Thunderbird ya fitar da mutanensa a CSV ya bi wannan hanya. Mai kwamfutar Mac kuwa manhajar Contacts tana buga ambulan da kanta daga Print.

Ba ni da firinta. In kai kundin shagon buga takardu?

Kundin amana ne. Mutane sun ba ka adireshin gidajensu da lambobin wayarsu don wata hidima, ba don su zauna a kwamfutar shago da kowa ke taɓawa ba. A Najeriya ma akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023 da ta hau kan ƙungiyoyi da ofisoshi masu tara irin wannan bayani.

Ka gama haɗin a kwamfutarka, ka fitar da ambulan ɗin ta Edit Individual Documents, ka adana a PDF, shi kaɗai za ka kai. A haka lambobin waya da sauran ginshiƙai suna gida, salon rubutunka da haruffa masu ƙugiya kuma ba za su canza a kwamfutar shago ba. Ka tafi da ambulan biyar ko shida na gwaji, ka ce wa mai shagon ya sa girman takarda daidai da ambulan, ya zaɓi Actual size ba Fit ba, kuma in an gama a goge fayil ɗin a gabanka, har daga kwandon shara na kwamfutar.